Tsintuwar Kawu Sale a Makka

Tun da na dawo daga Umara ban samu na yi ɗinkin kirki ba. Duk wanda ya zo karɓar kayansa sai ya ja benci ya zauna, ya ci dabino, ya kurɓi zamzam, sannan ya gyara hula ya ce, "To Habu Tela, yaya ƙasar take?" Na ba da labarin nan har muryata ta dishe, kuma kowa da inda yake katse ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, wanda ya sake tambaya in miƙa masa, ni in koma kan kekena. Masu tambayar Kawu Sale ku yi haƙuri, zan iso wurin.

Ga wanda bai san gidanmu ba, Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma su biyu suka rage. Ya tafi aikin Hajji ina ɗan firamare, bai dawo ba. Da farko yakan aiko da kaset ya yi gaisuwa, daga baya shiru, har wasu suka fara sa shi cikin addu'ar mamata. Sai bara wata maƙwabciyarmu ta dawo daga Hajji, ta rantse ta gan shi da idonta a Shara Mansur, inda Hausawa suka yi yawa a Makka. Inna ba ta yi shawara da kowa ba, ta sayar da gonarta ta gado ta kira ni. Idonta ya riga ya yi yana, ƙafa kuma ta ƙi. Ta ce, "Habu, je ka yi Umararka, amma ka dawo mini da Sale. Ina so in shafa fuskarsa kafin a rufe tawa."

Ni iyakar tafiyata Legas, shi ma a mota. Tun a filin jirgin Kano malamin ayarinmu ya ce kowa ya ɗaura harami. Ka ga ikon Allah, mutumin da ke cin abinci da allura da zare, ga shi an naɗe shi da ƙyalle biyu babu ko ɗinki ɗaya. Ina ɗaga jaka zan sa a ma'ajiyar saman kujera sai na ji na ƙasa ya fara sulalewa. Wani dattijo ɗan Haɗeja ya cafke shi ta baya, ya ce, "Yaro, ɗaura shi kamar za ka shiga rafi, ba kamar za ka ɗaurin aure ba." Ya naɗe mini shi tamau a ciki, har muka sauka ban yi numfashin kirki ba.

A Jidda kuwa na'urar ɗaukar hoton yatsa ce ta ƙi ni. In ɗora, ta yi ja. In sake ɗorawa, ta sake yin ja, layi kuma ya fara gunaguni a bayana. Jami'in, wani saurayi mai gyararren gemu, ya kama hannuna ya juya, ya dubi kan yatsun da allura ta cinye, ya kwaikwayi mai ɗinki yana kallona. Na gyaɗa kai. Ya nuna mini in goga yatsan a goshi. Gumin tsoro kuwa akwai shi isasshe, ina gogawa na'ura ta yi kore.

Hanyar Makka duwatsu ne baƙaƙe ƙirin, babu ko ciyawar da akuya za ta lasa. Masaukinmu ɗaki ne mai gado huɗu, sanyin na'ura kamar a ajiye nama, famfon banɗaki kuma da rana tsaka ruwan zafi yake zubarwa ko ka murɗa na sanyi. Da safe ana cin wani faffaɗan burodi mai zafi da dakakken wake, da rana shinkafa da kaza a faranti ɗaya mutum uku. Akwai daɗi, sai dai babu yaji, Allah Ya sa matata ta ƙulle mini a leda. Abin da ya ba ni dariya shi ne canji. Ka sayi abu a kanti, maimakon 'yan tsabar da suka rage sai a miƙo maka cingam. Na ce ashe ba masu kantin garinmu kaɗai ke biyan mutum da alawa ba.

Ganin Ka'aba kuma, wannan ba ni da bakin faɗa. Na haddace addu'o'i tun daga gida, ina ɗaga kai na gan ta duk suka gudu. Na tsaya ƙiƙam ina kuka, ana ture ni ta ko'ina ban ji ba. Hoton da ke bangon shagona na yi shekaru ina kallonsa, amma ban san haka take da kwarjini ba. Mutane fari da baƙi da ja suna kewaya ta ba tsayawa, kowa da yarensa yake roƙo. Na ji kaina ƙarami ƙwarai, kuma na ji daɗin hakan.

Da na gama Umara na aske kai, sai na nemi Shara Mansur. Kana shiga ka ji ƙanshin daddawa. Ga mai tsire, ga mai fura, ga mata sun shimfiɗa kuka da kuɓewa a bakin titi, da an hango motar hukuma kafin ka ƙifta ido sun naɗe sun ɓace. Samarin wurin su fara magana da Hausa su ƙarasa da Larabci. Na yi ta tambayar Sale, kowa ya ce Sale wanne, ai suna da yawa. Sai da na ce wa wata mai waina gajere ne, yana ɗingisa ƙafar hagu, sannan ta ajiye cokali.

"Mai Kwabon Rasha kake nufi," in ji ta. "Ai da ka faɗi haka tun farko. Bi wannan matakala, har saman dutse."

Ɗakinsa a kan rufin wani tsohon gida yake, katifa, buta, da igiyoyin da yake ɗaure wa alhazai kaya da su, don ƙarfin tura keken marasa lafiya a Harami ya ƙare. Na yi sallama ya fito, tsoho tukuf, gemu fari fat. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan goshin na Yaya Hansatu ne." Muka zauna a ƙasa muka yi kukanmu. Na ba shi saƙon Inna kamar yadda ta faɗa, na zaro waya zan kira ta. Ya riƙe mini hannu.

"Bari tukuna, ɗana. Ba zan iya jin muryarta in ce mata a'a ba."

"A'a kuma, Kawu? Me ya riƙe ka? Mata ce, ko bashi?"

Ya ɗaga katifa ya ɗauko wata 'yar jaka, ba ta kai tafin hannu biyu ba, ya kwance bakinta ya zazzage a kan tabarma. Kwabbai ne ƙanana, wasu ruwan tagulla, wasu farare, duk sun yi duhu. Kowanne da guduma da lauje a kan hoton duniya, zangarniyar alkama ta kewaye su. Ya ce kuɗin Tarayyar Sobiyet ne, ƙasar da ta watse tun tuni.

Ya ce a shekarar da aka fara ganin alhazan waccan ƙasa a Makka, bayan an daɗe ana hana su zuwa, yana tura keke tsakanin Safa da Marwa sai ya ga jakar ta faɗo daga jikin wata tsohuwa mai ɗankwali mai furanni. Ya sunkuya ya ɗauka don ya miƙa mata, kafin ya ɗago jama'a ta haɗiye ta.

"Da ban ɗauka ba, babu ruwana," in ji shi. "Amma na ɗauka. Tsintuwar Makka kuwa, yadda aka karantar da ni, ba irin ta sauran garuruwa ba ce da za ka yi cigiya shekara guda ka ci. Ita sai dai ka yi ta cigiya har mai ita ya zo. In kuma na miƙa kaina tarhil aka mayar da ni gida, shi ke nan, ba ni ba ƙasar nan har abada."

Tarhil shi ne inda ake tara marasa takardar zama kafin a sa su jirgi. Raina ya ɓaci, ni dama ba ni da dogon haƙuri. Na ce, "Kawu, a kan kuɗin da ko cingam ba za su saya ba? Ka bai wa hukuma mana." Ya ce hukuma za ta ajiye da amana, amma wa zai bi masaukai ƙofa ƙofa yana tambaya? Shi ya ɗauka, shi zai nema.

Washegari na bi shi in ga wannan cigiya da idona. Muka je wani masauki da mutanen waccan nahiya ke sauka. Maza da 'yan huluna masu kusurwa huɗu, mata da riguna masu furanni, baki cike da haƙoran zinariya. Mu da ake yi wa tsiya kan haƙorin Makka guda ɗaya, ga masu jere guda. Kawu ba ya nuna jakar, don mai ita shi zai faɗi kamanninta da irin ɗaurinta. Kwabo ɗaya yake ɗagawa, ya faɗi 'yan kalmomin da ya koya a yarensu. Matasan suka yi murmushi suka wuce. Wata tsohuwa kuwa ta karɓa ta juya shi, ta kara hannu a kunne tana nuna mana da irinsa ake buga waya a da. Sai hawaye. Ta kira 'yan'uwanta suka kewaye mu, kwabon yana yawo hannu zuwa hannu, kowa na faɗin abin da ya tuna. Can ta laluba jakarta ta ciro wani irinsa ta danƙa wa Kawu, ta rufe hannunsa da nata.

A hanya ya ce haka suke yi masa. Da yawa ba sa gane cigiya yake, sun ɗauka mai sha'awar tara tsofaffin kuɗi ne, har labarinsa ya kai garuruwansu, wasu da guzurin kwabonsa suke tahowa. Da muka koma ya nuna mini gwangwanin madara babba, cike har baki. Waɗannan nasa ne, kyauta ce. Na jakar kuwa bai taɓa bari sun haɗu ba.

Mafita ta zo ta bakin wani ɗalibin ilmi ɗan Zariya da ke maƙwabtaka da shi. Ya ce malamai sun yi sauƙi kan tsintuwar da ba ta da wata daraja, irin wadda mai ita ba zai waiwayo nemanta ba. Na kama wannan magana da hannu biyu. Kawu ya ce, "Wallahi ina so in ga Yaya. In wanda ya san kan abin ya duba ya ce ba su da daraja, in bar su a masallacin unguwa in bi ka." Aka kwatanta mana wani mai kanti a unguwar Rusaifa, ana ce masa Ammu Yunus, wanda kakanninsa suka gudo daga Buhara, wani birni a waccan ƙasa. An ce duk garin babu wanda ya kai shi sanin kuɗin waccan ƙasa.

Kafin mu tafi na ce ai ba a kai wa mutum kaya da datti, kada a ce Hausawa ƙazamai ne. Na samo toka wurin mai tsire da lemon tsami, na dirje na gwangwani har suna ɗaukar ido. Na kai hannu kan jakar, Kawu ya fizge. Ya ce, "Yadda ta faɗi haka za ta koma."

Kantin Ammu Yunus ta gaba turare da carbi yake sayarwa, ta ciki kuma akwatunan gilashi ne, kowane kwabo kwance a gurbinsa da ɗan lulluɓin roba. Ban taɓa sanin akwai masu yi wa tsohon kuɗi irin wannan hidima ba. Shi kansa tsoho ne fari, mai ƙananan idanu. Ya ba mu shayi, ya shimfiɗa koren ƙyalle, Kawu yana yi mini tafinta. Da na juye gwangwanin da alfahari sai ya dafe kai.

"Wa ya wanke su?"

Kawu ya nuna ni da baki. Ammu Yunus ya ce a wurin masu tara kuɗi duhun nan shi ne shaidar shekaru, wanda ya goge shi ya goge rabin darajar. Na ce a ƙasarmu ko kwanon sha aka bar shi haka sai an yi da matar gida. Ya yi dariya, ya ce in kwantar da hankalina, waɗannan dama an buga su jibgi, da kilo ake sayar da irinsu. Ya nuna mini wani abin mamaki: ya ɗora mai lamba ɗaya a sikeli, giram ɗaya cif, mai lamba uku giram uku. Ya ce da su matan kasuwa ke gwada sikeli a can. Ya ce darajar kwabo ba a lambar da ke jikinsa take ba, tana ga shekarar da aka buga shi da ƙarancinsa a duniya. Zuciyata ta yi fari, har na fara tunanin wace riga zan ɗinka wa Kawu ta shiga gari.

Sannan aka zo kan jakar. Ya sa gilashi a ido ɗaya, yana ɗaukar kowanne ta gefe, ya duba ya ture. Ya ture, ya ture. Sai ya ɗauki wani ɗan ƙarami mai ruwan tagulla, ya tsaya. Ya matso da fitila. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ajiye a tsakiyar ƙyallen a hankali, ya yi salati.

Ya ce a shekarar 1958 gwamnatin can ta buga sababbin kuɗi, sai ta fasa fitar da su, aka mayar aka narke. 'Yan kaɗan ne suka sulale suka shiga hannun jama'a, wannan ɗaya ne daga ciki. Ya ce shi tun yana saurayi yake nemansa, a hoto kawai ya taɓa gani. Da ya faɗi abin da masu nema za su biya, ya fi duk abin da aka kashe a zuwana.

Duk wanda aka ce masa kayansa na da tsada murna yake, mu kuwa kamar an yi mana rasuwa. Na ce wa Kawu da Hausa, "Da ka bar ni na dirje shi da yanzu muna hanyar gida." Bai ko dube ni ba.

Ammu Yunus ya juya jakar a hannu, ya dubi kwabban. Ya ce shi abin da yake zato, wannan ba guzuri ba ne, don kuɗin ba sa amfani a nan. Wataƙila maƙwabta ne da ba su da halin zuwa, kowa ya ba tsohuwar kwabo ɗaya ta kawo Makka ta yi sadaka da sunansa. Sai na tuna yadda tsofaffin unguwarmu suka yi ta cusa mini 'yan canji a aljihu ranar da zan taho. Na yi wuf na ce, "To ka ji, Kawu, sadaka ce, kai kuma mabuƙaci ne."

"Wataƙila ya ce, ɗana. Ba a cin kayan mutane da wataƙila."

Na juya ga mai kantin, na ce Kawu ya fassara masa. Shi ɗan ƙasa ne, yana jin yarensu, alhazansu na zuwa kantinsa. Ya karɓi amanar ya ci gaba da cigiya, tsohon nan ya je ya ga 'yar'uwarsa. Kawu ya fassara, kuma na ga idonsa ya yi haske, wannan ta shige shi. Ammu Yunus ya daɗe yana kallon kwabon. Sannan ya tattara su duka ya zuba a jaka, ya ɗaure, ya tura gaban Kawu.

"Da babu wannan ɗaya a ciki, da na karɓa," in ji shi. "Amma na san zuciyata. In ya kwana a kantina, zan fara addu'ar kada mai shi ya zo. Ka nemi wanda ba ya son sa."

Na yi niyyar yin faɗa, sai na dube su. Ga tsofaffi biyu, ɗaya bai da ko takardar zama, ɗaya ya ga abin da ya yi rayuwa yana nema, kowanne yana ture kwabon daga gabansa. Na ga manyan gine-gine a Makka, na ga agogon da ya kusa taɓa gajimare, amma babu abin da ya girgiza ni bayan Ka'aba kamar wannan. Kunya ta kama ni, tsoron Allah kuma ya shige ni.

Da la'asar muka koma rufin. Kawu ya mayar da jakar ƙarƙashin katifa, ya zauna ya ce, "Kira ta." Na kira, matata ta kara wa Inna wayar, na buɗe murya don mu ji tare. Na ba ta labari tun daga Safa da Marwa har kantin Rusaifa, ban rage komai ba. Kawu na gefe ya sunkuyar da kai.

"Yana nan kusa da kai?" in ji ta.

"Ga ni, Yaya."

Sai ta ce, "Sale, muryarka ta tsufa."

"Yaya, ki yafe mini. In na samu amintaccen da zan bar wa, ko mai ita ya zo, wallahi ranar zan taho."

"Na ji. Kai ba ka sani ba, tun shekarar da kaset ɗinka ya daina zuwa, babu alhajin da ya sauka a garin nan ban je na tambaye shi kai ba. Ana ce mini ya mutu, in ce ku dai ba ku duba da kyau ba. Na san yadda mai nema yake ji. Waccan baiwar Allah ma tana da nata, wataƙila suna can suna tambaya. Zauna ka yi cigiyarka. In ban ga fuskarka ba, ai na ji ka."

Kawu ya karɓi wayar da hannu biyu ya manna a kumatunsa. Na tashi na sauko matakala na ba su wuri. Ranar da ayarinmu zai taso, shi ya ɗaure mini kaya da igiyarsa, ya raka ni har bakin mota, sannan ya juya yana ɗingishi, don an ce wasu sababbin alhazai sun sauka a unguwar Zahir.